Ɗakin kallon taurari a cikin gida: yadda ake kafa shi, yadda ake riƙe shi

A daren 20 ga watan Satumba 2016, a birnin Rosariyo na ƙasar Ajantina, wani mai sana'ar gyaran makullai, Victor Buso, ya hau rufin gidansa domin ya gwada sabuwar kamarar da ya saya. A can bisa yana da ɗan ɗakin da ya gina don kallon sama, da madubin hangen nesa mai faɗin santimita 40. Ya auna wani gungu mai dubban miliyoyin taurari da masana ke kira NGC 613, ya shiga ɗaukar hotuna, kowane na sakan 20. A hotunan farko babu wani baƙon abu. Can sai ɗigon haske ya bayyana inda da babu shi, yana ƙara ƙarfi daga hoto zuwa hoto. Ashe wani ƙaton tauraro ne ke fashewa, shi kuwa ya kama farkon fashewar, abin da masana suka shekara suna farauta da manyan na'urorinsu. A watan Fabrairu 2018 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken, da sunan Buso cikin marubutansa.

Mai karatu zai ce sa'a ce. Haka ne, amma sa'ar ta tarar da shi a bakin aiki. Wanda sai ya fiddo kaya daga ɗaka, ya harhaɗa, ya ɓata awa guda wajen daidaitawa, sannan ya kwance da asuba, bayan ƴan watanni yakan gaji ya ajiye. Wanda kayansa ke kafe wuri ɗaya kuwa, buɗe rufi kawai zai yi. Amfanin ɗakin kallon taurari ke nan: yana yawaita dararen da mutum ke aiki. Haka Anthony Wesley, wani ɗan ƙasar Ostareliya, ya hango baƙin tabo a jikin duniyar Mushtari daga gidansa ranar 19 ga Yuli 2009, kafin hukumar NASA ta Amurka ta tabbatar cewa wani abu ne ya faɗa mata daga sarari.

Ginshiƙi kafin madubi

Sabon shiga yakan zuba dukan kuɗinsa a kan madubi. Waɗanda suka daɗe a harkar kuwa sun fi damuwa da abin da madubin ke zaune a kansa. Dalili shi ne duniya tana juyawa, taurari suna gusawa da digiri 15 kowace awa. In aka buɗe kamara na minti ɗaya ba tare da an bi su ba, zane-zane za a samu a maimakon ɗigo-ɗigo. Don haka ake ɗora madubin kan wani marikin ƙarfe mai ɗan inji, wanda ke juyawa sau ɗaya cikin awa 23 da minti 56, daidai da juyin sama. Sau da yawa kuɗin mariki mai kyau yakan kai na madubin, ko ma ya zarce.

Marikin ba ya aiki sai an saita ƙarfen juyinsa ya dubi wajen tauraron arewa. A Yamai da Maraɗi tauraron nan yana kamar digiri 13 da rabi bisa ƙasa, a Damagaram kusan 14, a Tawa kusan 15. Wato yana ƙasa-ƙasa ƙwarai, katanga ko bedi na iya kare shi. Kafin a sari fili sai a duba arewa. Kafin a yi odar mariki kuma sai a tambaya ko yana sauka zuwa wannan mizani, domin waɗansu an ƙera su ne don ƙasashen da tauraron ke can sama.

Shi kuma marikin, a kan ginshiƙin siminti da rodi ake ɗaure shi, wanda aka haƙa wa rami aka zuba. Sharaɗi ɗaya ne magini zai kiyaye: kada ginshiƙin ya taɓa daɓen da ake takawa. In sun haɗu, takun mutum kaɗai ya isa ya girgiza hoto. Saboda haka tsakar gida ta fi kan bene sauƙi ga mafi yawan mutane.

Ba dole ba ne a yi ƙubba irin ta manyan cibiyoyi. Ɗaki mai mita 2 da rabi kowane gefe ya wadatar, da rufin kwano mai tayoyi wanda ake turawa gefe a kan dogayen ƙarafa. Kowane mai walda na kirki zai iya haɗa shi. Ƙarfe ya fi katako saboda gara. A sa maƙalai masu ƙarfi, domin iskar farkon damina ba ta raina rufin da ba a ɗaure ba.

Hoto ɗaya daga hotuna ɗari

Madubi mai faɗin santimita 20 yana tara haske fiye da idon mutum sau 800. Duk da haka, hoto guda na abin da ke nesa yakan fito dishi-dishi, cike da ƙura-ƙuran da ita kanta kamarar ke haifarwa, musamman in ta yi zafi. Dabarar ita ce a ɗauki hotuna da yawa na wuri ɗaya, kwamfuta ta jera su, ta haɗa su su zama ɗaya. Lissafinsa a fili yake: hotuna 4 sun fi guda tsabta sau 2, hotuna 100 kuwa sau 10. Ana kuma ɗaukar waɗansu da murfi a rufe, domin a gane dattin kamarar a cire shi. Manhajar Siril, wadda akwai ta da Faransanci, kyauta ce. Wuta kuwa, gara a dogara ga batir da faifan hasken rana, tunda ɗaukewar minti ɗaya na iya ɓata aikin dare.

Abin da samanmu ke bayarwa

Wani taswirar hasken dare da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama, saboda fitilun birane. A Turai kashi 60 cikin 100 ne. Maƙwabciyarmu Cadi tana cikin ƙasashen da samansu ya fi duhu. Duk wanda ya kwana a ƙauye ya ga Kaza da ƴaƴanta tangaran ya san mu ma muna da wannan arziki.

Bugu da ƙari, kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa muna ganin taurarin arewa da mafi yawan na kudu, har waɗanda ba sa fitowa a Faransa ko kaɗan. Gungun nan na NGC 613 yana hawa kamar digiri 47 a saman Maraɗi, a dararen Oktoba da Nuwamba. Lokacin ne kuma ya fi dacewa da aikin, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi ƙarfi ba tukuna.

Abokan gaba biyu ne, ƙura da zafi. Madubi a rufe yake zama in ba aiki ake ba, kuma ba a goge shi da tsumma, domin ƙwayar rairayi tana karce shi. Ɗakin kuwa a shafa masa farin fenti, a bar kafofin iska, a buɗe rufi awa guda kafin a fara, don kayan su huce. Madubi mai zafi yana sa hoto rawa kamar abin da aka hango ta bisa garwashi. Gargaɗi mafi girma: kada a taɓa duban rana ta cikin madubi ba tare da matacin da aka yi musamman don haka ba. Ido yana ƙonewa nan take, kuma ba ya dawowa.

Haƙƙin maƙwabta

A garuruwanmu, mutumin da ya kafa na'ura mai kama da bututu yana kwana a waje, dole a yi magana. Katangar ɗakin ta kai tsawon da ba za a hango tsakar gidan kowa ba. A sanar da mai unguwa tun kafin a fara gini, a gayyaci maƙwabta da yaransu su ga ramukan wata da idonsu. Mai shigo da kaya daga waje kuma ya sa kuɗin duwan cikin lissafinsa tun farko.

Wanda ke sha'awa ba sai ya jira kuɗi masu yawa ba. Kamarar hoto ta sosai a kan ƙafa uku, a buɗe ta sakan 10 zuwa 15 a daren da babu wata, ta isa a fara. In shekara ta zagayo sha'awar ba ta gushe ba, a sayi mariki, a zuba ginshiƙi. Babban madubi shi ne na ƙarshe.