Yadda ake gane shekarun kayan aikin dutse na farko a Turai

Dutsen da ɗan Adam ya sassaƙa ba ya faɗin ranar da aka sassaƙa shi, domin ƙanƙarar da mutanen farko suka fi so, wato irin dutsen nan da ake ƙyasta wuta da shi, ta samu ne miliyoyin shekaru kafin wani hannu ya ɗauke ta. Saboda haka masu tonon kayan tarihi ba dutsen suke aunawa ba, ƙasar da ta binne shi suke aunawa, kuma duk wani adadi da aka jingina wa wani wuri ya dogara ne ga tabbacin cewa kayan ba su gusa daga shimfiɗar da aka same su a ciki ba.

Kafin maganar shekaru, sai an tabbatar cewa aikin mutum ne. Idan aka riƙe ƙanƙara a hannu aka doki gefenta da wani dutse mai tauri, ɓallin da ya fita yana zuwa da baki mai kaifi, kuma a ƙasan wurin da dukan ya sauka akwai ɗan tudu mai santsi wanda zobba ke bazuwa daga gare shi, yayin da uwar dutsen take riƙe da gurbin ɓallin. Kogi da sanyi mai tsanani su ma suna fasa duwatsu, abin da ya ruɗi wasu masana a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19 har suka tara tsakuwar da ba hannun kowa a kanta, amma da wuya a ga ruwa ya jera duka iri ɗaya sau goma a gefe guda. Turawa sun daɗe suna ɗaukar gaturan dutse da suke tsinta a gonaki a matsayin abin da tsawa ta jefo, kamar dai gatarin aradu a ƙasar Hausa. Sai a 1859 ne Joseph Prestwich da John Evans suka je kwarin kogin Somme a Faransa, suka gaskata Boucher de Perthes, jami'in kwastan ɗin da ya daɗe yana cewa gaturan suna kwance ne tare da ƙasusuwan dabbobin da suka ɓace daga duniya.

Ana raba kayan farko gida biyu. Na farko shi ne salon Oldubai, mai sunan wani kwazazzabo a Tanzaniya, inda ake ɓantarar ɓalli kaɗan daga dutse a yi yanka da su, kuma an same shi a Habasha tun shekara miliyan 2.6 da suka wuce. Na biyu shi ne gatarin hannu, wanda ake sassaƙa fuskokinsa biyu har ya yi tsini a gaba da faɗi a baya. Sai dai siffar kayan ba ta isa ma'auni ba, tunda gatarin hannu ya bayyana a Kenya kimanin shekara miliyan 1.76 da suka wuce, amma bai yaɗu a Turai ba sai tsakanin shekara 700,000 da 500,000 da suka wuce, kuma ko a lokacin ba a daina yin sauƙaƙƙen salon ba.

Gwajin kabon da ya yi suna ba shi da amfani a nan, domin ba ya wuce shekara 50,000. Inda akwai dutse mai aman wuta ana auna iskar agon da ta taru a cikin narkakken dutsen tun ranar da ya daskare, kuma ta haka aka san cewa mutanen Dmanisi a Jojiya, a ƙofar Turai ta gabas, sun rayu kimanin shekara miliyan 1.8 da suka wuce. Inda babu shi, ga maganaɗisun duniya ake komawa, wanda yakan juya daga lokaci zuwa lokaci har arewar kamfas ta koma kudu, kuma ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikin laka suna daskarewa suna fuskantar inda yake a ranar da suka kwanta. Juyawa ta ƙarshe ta auku ne kimanin shekara 780,000 da suka wuce. A 1994 wasu masana biyu daga Holan, Wil Roebroeks da Thijs van Kolfschoten, suka kafa hujja cewa babu tabbataccen mazaunin mutum a Turai kafin shekara 500,000 da suka wuce, kuma hujjar tasu ba ta banza ba ce, ganin yawan wuraren da aka yi wa ƙarin gishiri. A wannan shekarar ce aka tono ƙasusuwan mutane da kayan dutse a kogon Gran Dolina da ke Atapuerca a arewacin Sifaniya, wurin da wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta tsaga tsauni ta tona shi, kuma gwaji ya nuna suna ƙarƙashin shimfiɗar da ta riƙe alamar juyawar. Raunin wannan hanya shi ne gefe kawai take nunawa, kafin juyawa ko bayanta, ba ta ba da adadi.

Hanyar da ta cike wannan gurbi ta dogara ne ga haskoki masu ƙarfi da ke zubowa daga sararin samaniya, waɗanda ke haifar da nau'o'i biyu na sinadarai, alminiyam 26 da beriliyam 10, a cikin farar tsakuwa muddin tana fili. Da zarar ƙasa ta binne ta sai haifuwar ta tsaya, su biyun su fara raguwa, amma rabin alminiyam yana ƙarewa cikin kimanin shekara 700,000, na beriliyam kuwa sai kusan miliyan 1.4, don haka bambancin abin da ya saura yana nuna tsawon zaman binnewa. Da ita aka sa wa muƙamuƙin mutum da aka tono a 2007 a Sima del Elefante, shi ma a Atapuerca, kimanin shekara miliyan 1.2, kuma da ita ne Roman Garba da abokan aikinsa suka bayyana a 2024 cewa shimfiɗar ƙasa mai kayan dutse ta Korolevo, a bakin kogin Tisza a yammacin Yukiren, ta kai shekara miliyan 1.4, da ratar kuskure da ba ta gaza shekara 100,000 ba. Ba a sami ƙashin mutum ko ɗaya a Korolevo ba, saboda haka danganta kayan ga jinsin da ake kira Homo erectus hasashe ne da aka gina a kan zamanin.