Ɓeran Madrid da Majinyacin Filinge

Wani saƙon murya ke yawo a wayoyin Filinge kwanakin nan, daga fadar masu shayi zuwa tasha. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, sai rantsuwa: wai Turawa sun gano wiwi na kashe ciwon daji, likitoci ne ke ɓoyewa don kada kasuwarsu ta mutu. Sau uku na ji shi cikin mota ɗaya kafin mu kai Baleyara.

Jita-jitar nan tana da wuyar kashewa don akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Tun 1975 masu bincike a Amurka suka ga THC, sinadarin da ke bugarwa a wiwi, ya rage saurin girman dajin huhu a jikin ɓeraye. A 2011 kuma Manuel Guzmán da abokan aikinsa na Jami'ar Complutense a Madrid suka haɗa THC da maganin dajin ƙwaƙwalwa mai suna temozolomide, ƙarin ya ragu fiye da yadda kowannensu ke rage shi shi kaɗai. A lura: haɗawa suka yi. Ba wanda ya zubar da maganin asibiti ya ce wa ɓera ya zuƙi taba.

To wane irin ɓera ne ma? Ba jaɓar rumbunka ba ce. Ɓera ne da aka kiwata ba shi da cikakkiyar garkuwar jiki, aka dasa masa ƙwayoyin dajin mutum a ƙarƙashin fata, aka yi masa allurar sinadari tsantsa gwargwadon nauyinsa, cikin ƴan makonni aka auna aka rufe littafi. Kamar ka shuka gero a tukunya a tsakar gida, kana ba shi ruwa safe da yamma, ka ga zangarniya ta yi kyau, sai ka ce haka gonar jigawa za ta yi bana. Ko ka gwada kaya a bayan ɗan akuya ka yanke hukuncin abin da raƙumi zai kai Abala. Ko ka ɗanɗana gishirin miya a cokali ka rantse da na rijiya. Magunguna da yawa sun warkar da ɓeraye, suka zo kan mutum suka kasa.

Ɓerayen ma ba bakinsu ɗaya ba. A 2005 wani binciken Amurka ya ba ɓeraye masu dajin nono THC, sai ciwon ya ƙara girma ya bazu, domin sinadarin ya kwantar da garkuwar jikinsu. Wannan ba ya cikin saƙon muryar.

Abin da ya fi damuna hanta ce. Ɗauke ta kamar injin niƙa ɗaya tilo a unguwa. Maganin daji na asibiti, wato shimiyo, ya kawo kwaryarsa yana layi, sai CBD, wani sinadarin wiwi, ya zo ya tare bakin injin. Maganin da ya kamata a sarrafa a fitar sai ya daɗe cikin jini, gubarsa ta ƙaru. Wani maganin kuma sai hanta ta niƙa shi kafin ya fara aiki, in aka tare shi ya zama ƙarin ruwan banza. Likitan da ya auna maganin bai san an sa wani a layi ba, tunda majinyaci kunya ba ta barinsa ya faɗa.

A kan mutane fa? Gwajin da aka buga a 2021, na feshin baki na sinadaran wiwi mai suna Sativex tare da temozolomide, mutum 21 kacal aka kwatanta. Sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwar a yi babba, iyakarsa ke nan. Abin da aka tabbatar tun 1985 a Amurka shi ne ƙwayoyin dronabinol da nabilone, masu aiki irin na THC, na rage tashin zuciya da aman shimiyo. Rage amai daban, kashe daji daban.

A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashin daji na farko a Nijar, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai. A watan Maris ɗin dai jami'an OCRTIS, masu yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, suka kama tan 17 na ƙaron wiwi a birnin. Kamun kowa ya gani a talabijin. Amma wanda zai zauna a rediyon gari ya amsa wa mai saƙon murya da Hausa ko Zabarmanci, har yau kunnena na jira. Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga fargabar hanya. Wiwi kuwa tana bayan kasuwa.

A motar nan da na ji saƙon akwai wata dattijuwa da takardar turawa asibiti naɗe a bakin zanenta. Ɗanta ya sake kunna saƙon ya kara mata a kunne.

"Inna, kin ji fa? Ko mu gwada wannan tukuna?"

Ta ture wayar da bayan hannu. "Kai dai biya kuɗin mota. Ubanka ma sai da muka gama gwaje-gwaje muka kai shi."