Waƙa A Matsayin Tsanin Koyon Karatu Ga Yara

Sau da yawa akan ɗauki waƙoƙin yara a matsayin wasa kawai, abin da ya kamata a bari a dandali in an doshi aji. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waƙa horo ce ga kunne, kuma kunne shi ne ƙofar karatu.

Kafin yaro ya iya haɗa baƙi da wasali a kan takarda, wajibi ne ya fara jin cewa kalma tana rarrabuwa zuwa gaɓoɓi. To, wannan shi ne ainihin abin da waƙa ke koya masa. Yarinyar da ke tafi a wasan gaɗa tana yanka kalmomi gaɓa-gaɓa ba tare da ta sani ba. Karin waƙar Hausa kuwa ya dogara ne bisa jeranta gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, amsa-amo kuma yana jawo hankali ga sautin ƙarshen kalma.

Al'amarin ya ƙara muhimmanci saboda rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Alal misali, "gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka nan "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Mai karatu da kunnensa yake warware su, watau da abin da ya saba ji.

Magabatanmu sun fahimci wannan hikima. A makarantar allo da rauji ake biya babbaƙu da farfaru. Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara darussan addini cikin waƙe, jajinta na 'Yan Taru suka hardace su, suka kai wa matan karkara. A ƙasar Hangari ma, Zoltan Kodaly ya gina koyar da kiɗa bisa waƙoƙin gargajiya na harshen uwa, har aka buɗe firamare ta farko mai bin tafarkinsa a 1950.

Sai dai waƙa ba ta maye gurbin koyar da haruffa. Share fage take yi. Don haka ya kamata mu ɗaliban Hausa mu tattara waƙoƙin dandali kafin su salwanta, mu tace su, mu miƙa wa malaman firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.