Baƙin Yashi daga Kubanni zuwa Bakin Teku

Wanda ya taso daga PZ da rani ya nufi Tudun Wada a Zariya, idan ya leƙa ƙarƙashin gadar Kubanni ya ƙura ido, zai ga siraran layuka baƙaƙe kwance bisa farin yashi, sai ka ce an barbaɗa kwalli. Ɓarɓashin ma'adinai ne masu nauyi, irin su zirkon da ilmanait da magnatait, waɗanda ruwa da zafin rana suka ɓantaro daga duwatsu irin Kufena, kuma da yake sun fi farin nauyi, ruwa yakan kwashe farin ya bar su, kamar yadda mai bakace take raba tsaba da tsakuwa. Yaron da ya ciro maganaɗisu daga matacciyar rediyo ya ja shi a wurin, zai ɗago shi da gemu baƙi ƙirin.

Malaman ilmin ƙasa, irin na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, suna bin waɗannan ƙwayoyi yadda malaman hadisi suke bin isnadi, domin zirkon, saboda taurinsa, yakan yi tafiyar ɗaruruwan mil bai narke ba, har ya ba da shaidar dutsen da ya haife shi. Silsilar kuwa sananniya ce: Kubanni ta miƙa wa Galma, Galma ta miƙa wa Kaduna, Kaduna ta miƙa wa Kwara, wadda ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, kana ta rarrabu rassa barkatai kafin ta faɗa teku. A can lamarin mizani ne, kogi na kawowa, igiyar ruwa da ke bugowa daga kudu maso yamma na ɗebewa, kuma muddin suka yi kunnen doki, gaɓa tana nan daram.

To, amma an taɓa mizanin. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Shiroro bisa kogin Kaduna a 1990, kuma duk inda aka tsare ruwa, yashi yakan kwanta. Tafkin jami'a da ke kan Kubanni ma, wanda laka ke cike shi sannu a hankali, ya ishe mu hujja, balle abin da masu tifa ke lodawa kullum. Yau teku na cin gaɓar Brass da Bonny da Forcados. Adalci dai shi ne kada a ɗora wa madatsu laifin duka, alhali ƙasar can tana lotsawa, an sassare itatuwan da ke riƙe taɓo, teku kuma na ƙaruwa.

Masar ta riga mu gani, domin bayan kammala babbar madatsar Aswan a 1970, bakin Nilu a Rashid ya yi ta zaizayewa har sai da aka gina masa katanga. A irin wannan gaɓa, igiya takan tafi da farin yashi ta bar baƙin ya taru, har masu haƙar ma'adinai su zo awonsa.