Maganin ciyawa da ƙofofin ƙwayar halitta: abin da masana suka gano a Ibadan

Tumatir, albasa da tattasai da ake saukewa a kasuwar Akinyele da ke Ibadan, inda 'yan kasuwa Hausawa da dama suka koma bayan rikicin Shasha na watan Fabrairun 2021, galibinsu daga gonakin Arewa suke fitowa. A gonaki da yawa feshin maganin ciyawa ya rage wa fartanya aiki, kuma sinadarin gilaifoset na cikin waɗanda aka fi amfani da su. Ba kowa ya sani ba cewa a wannan birni aka yi ɗaya daga cikin binciken farko kan abin da sinadarin ke yi a cikin jiki.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam tana ɗauke da wasu ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, waɗanda ke mayar da abinci ya zama kuzari. Aikinsu ya yi kama da na madatsar ruwa ta Kainji. Suna tara ƙwayoyin furoton masu cajin lantarki a bayan wani siririn bango, sannan su sake su ta ƙofa guda, inda ƙarfin kwararar ke samar da kuzarin. Akwai kuma wasu ƙofofi da ke daidaita shigar kalsiyam da fotasiyam. Idan bangon ya fara yoyo, abinci zai ƙone a banza. Idan kuwa kalsiyam ya yi yawa, wata babbar kafa kan buɗe, sashen ya kumbura, ƙwayar ta mutu.

A 1979 Olufunso Olorunsogo da Enitan Bababunmi da Olumbe Bassir na Jami'ar Ibadan suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi kan hantar ɓeraye, wanda ya nuna cewa gilaifoset na dagula samar da kuzari a maitokondiriya. A 1990 Olorunsogo ya ƙara bayani cewa sinadarin yana sauƙaƙa wa furoton da kalsiyam ratsa bangon.

Sai dai gwajin ɓera ba hukunci ba ne a kan mutum. Maganin saikulosforin, alal misali, yana toshe waccan babbar kafa a ɗakin gwaji, amma da aka jarraba shi kan masu ciwon zuciya a wani babban gwaji da likitocin Faransa suka jagoranta, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna wani amfani ba.

Binciken da ya fi shafar mai goya tankin feshi shi ne na Francisco Peixoto na ƙasar Fotugal. A 2005 ya gano cewa haɗin da ake sayarwa da sunan Roundup ya fi gilaifoset zalla illa ga maitokondiriyar hantar ɓera, abin da ya jawo hankali ga sauran sinadaran da ake gauraya shi da su. Irin wannan haɗi ne, ba zallan sinadarin ba, yake zuba a hannu da bayan manomin da ke feshi babu safar hannu, babu takunkumi.