Matokarin Injin Jirgin Ruwa a Kan Tirela: Gaskiya da Jita-jita

Injin da ake ratayawa a bayan ƙaramin jirgin ruwa yana zaune ne a kan bangon baya na jirgin, an ɗaure shi da kusoshi ko da mazari mai matsewa. Nauyinsa ya bambanta ƙwarai. Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, irin wanda masunta da masu fito suka sani a kogin Neja da tafkin Chadi, ya ɗan haura kilo 70. Mai ƙarfin doki 150 ya wuce kilo 200, shi kuwa Mercury Verado mai ƙarfin doki 600 da aka fitar a 2021 ya haura kilo 570. Idan aka ɗora jirgi a tirela aka hau titi, kowane rami da kowane tudun rage gudu sai ya girgiza wannan nauyi. Daga nan maganar matokari ta taso, wato abin da ake tokare injin da shi don kada ya riƙa tsalle. Maganganun da ke yawo a kansa, musamman a Amurka inda jan jirgi da mota ya zama ruwan dare, wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma ba su da tushe.

Magana ta farko ita ce wai dole a ɗaga injin sama kafin a kama hanya. Ba haka ba ne. Littattafan umarni na Yamaha da Mercury sun nuna cewa mafi kyawun yanayi shi ne a bar injin a tsaye, kamar yadda yake lokacin da yake aiki a ruwa. A tsaye, nauyinsa yana sauka kusan kai tsaye a kan bangon baya. Da zarar an ɗaga shi, kan injin ya karkata cikin jirgi, ƙafarsa mai ɗauke da farfela ta miƙe waje, sai ya zama kamar sandar banƙara: ƙaramin motsi a ƙarshen ƙafar yana zama babban ƙarfi a wurin kusoshi. Abin da ke tilasta ɗagawa shi ne kusancin ƙasa. Idan fiffiken ƙarfen da ke ƙarƙashin farfela zai iya gogar titi a gangare, ko a hawan gada, ko wurin tsallaka layin dogo, to a ɗaga injin, kuma a nan ne matokari ya zama dole.

Magana ta biyu: wai ƙaramin makullin da ke jikin injin, wanda ake sauke shi ya riƙe injin a ɗage, ya isa a yi tafiya da shi. A yawancin injuna wannan ƙarya ce mai tsada. An yi makullin ne don riƙe injin yayin da jirgi ke ɗaure a bakin ruwa ko ana gyara, kuma kamfanonin biyu sun gargaɗi masu jirgi kada su dogara da shi a kan hanya. Injin yana iya tsalle, makullin ya zame ko ya lanƙwashe, ƙafar ta faɗo a kan kwalta mota na gudu. Jita-jitar tana da asali: wasu injunan Evinrude sun zo da maƙali na musamman da kamfanin ya ƙera domin tafiyar tirela. Wanda ya saba da su yakan ɗauka duk injuna haka suke. An daina ƙera Evinrude a 2020, amma injunansa suna nan da yawa, saboda haka littafin kowane inji shi ne alƙalin wannan magana.

Ta uku ita ce wai na'urar haidirolik mai ɗaga injin da sauke shi za ta riƙe shi a duk inda aka tsayar. Za ta riƙe shi a farfajiyar gida. A kan gargada kuwa, kowane bugu yana sauka ne a kan sandunan haidirolik da robobin da ke tare mai a cikinsu. Idan mai yana ɗan yoyo, injin yakan sauka a hankali ba tare da direba ya sani ba, ya fara tafiya da inji a ɗage ya isa da fiffike a goge.

Akwai kuma masu cewa bangon da ya jure tunkuɗar inji mai ƙarfin doki 150 a cikin igiyar ruwa, titi ba zai yi masa komai ba. Wannan rabin gaskiya ce. Bangon jiragen zamani yana da ƙarfi, kuma da yawa yanzu ana yin sa da kayan da ba sa ruɓewa. Amma a ruwa injin yana tsaye, ruwa yana tallafe da jikin jirgin yana shanye wani ɓangare na bugun. A tirela injin yana ɗage, bugun kuma gajere ne mai kaifi, yana maimaituwa tsawon tafiya. Inda haɗarin ya fi yawa shi ne tsofaffin jiragen fayiba waɗanda aka cusa katakon fulawud a cikin bangonsu, da ƙananan jiragen alminiyam masu siririn bango. Idan ruwa ya shiga ta ramin kusoshi, katakon yakan ruɓe daga ciki. Alamarsa ita ce siraran tsage a kusurwoyin bangon, da ruwa mai launin tsatsa yana zubowa daga gindin kusoshi, da kuma bangon yana lanƙwasa idan aka danna ƙafar injin da hannu. Irin wannan bango gyara yake buƙata, matokari ba zai warkar da shi ba.

Zargi mafi nauyi shi ne wai sandar tokara, wato nau'i na farko na matokari, ita kanta ke fasa gidan giyar injin da ke ƙasan ƙafarsa. Wannan gaskiya ne, amma da sharaɗi. Sandar tana da baki mai siffar V wanda aka lulluɓe da roba, yana rungumar ƙafar injin, ɗaya ƙarshen kuma yana kama tirela a ƙarfenta na baya. Ta haka take raba wani ɓangare na nauyin da tirela. Matsalar tana tasowa idan jirgin bai ɗauru tam a kan tirelar ba. Jirgi ya yi sama, tirela ta yi ƙasa, sandar da ke tsakaninsu ta riƙa dukan gidan giya. Saboda haka bel biyu da ke ɗaure bayan jirgin da tirela sun fi matokari muhimmanci, kuma katakan da jirgin ke kwance a kansu ya kamata su kai har ƙarƙashin bangon baya. Idan an ɗaure jirgin, a sauke injin har ya zauna daram a bakin sandar ba tare da danna shi da ƙarfi ba, sannan a zagaya ƙafar da igiyar roba. Akwai sanduna masu sifirin a ciki waɗanda ke rage kaifin bugun.

Nau'i na biyu na matokari ba ya taɓa tirela ko kaɗan. Wani dunƙulen roba ne mai tauri da ake zurawa a kan sandar haidirolik, wani kuma ƙarfe ne da ke shiga tsakanin injin da mazauninsa. Masu tallarsa sukan ce yana yin duk aikin da sanda ke yi, amma ba daidai ba ne. Yana hana injin tsalle, yana kare haidirolik, kuma motsin tirela ba ya kai wa gidan giya ta hanyarsa. Sai dai nauyin duka yana nan a kan bangon baya. Ya dace da jirgi mai lafiyayyen bango, da tirelar da ba ta da wurin maƙala sanda. Dole kuma a zaɓi wanda aka yi wa wannan samfurin injin, domin girman sandunan ya bambanta.

Ko wane iri aka zaɓa, injin yana iya kifewa gefe, musamman mai sitiyarin haidirolik, don haka ake sa masa matse-matsen roba a kan sandar sitiyari. Maganar sa injin a giya kuwa tana da tushe, domin Mercury ta ba da shawarar a sa giyar gaba don kada iska ta riƙa juya farfela.

Ƙananan injuna masu maƙalewa da mazari sun fi samun lafiya idan aka cire su aka kwantar a cikin mota a kan tsumma ko tsohuwar taya. Nau'in da ke da tankin baƙin mai a jikinsa yana da gefen da aka yarda a kwantar da shi, galibi da alama a jikin murfin. Idan aka juya shi ta ɗaya gefen, man yakan gangara cikin silinda ya hana injin tashi. A kowane hali a tabbatar kan injin yana sama da farfela, don kada ragowar ruwa ya koma ciki. A doguwar tafiya a tsaya bayan 'yan kilomitoci na farko a duba bel da matokari, domin sukan saki da zarar jirgin ya zauna, kuma a cire matokarin kafin a tura tirela cikin ruwa.