Abin da ya sa alƙalan rawar kan ƙanƙara ke fifita 'yan ƙasarsu

A fagen dambe, da zarar hannun ɗan wasa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, kowa kuma ya gani. Ko a gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada, Zariya, inda ba a raga wa alƙalin wasa, ƙwallon da ta shiga raga ce ke raba gardama. Amma akwai wasannin da makin alƙalai kaɗai ke fitar da gwani, kuma rawar kan ƙanƙara na cikin waɗanda suka fi shan suka.

Namiji da mace ne ke zamiya tare a kan ƙanƙara, suna bin kiɗa. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1976. Babu manyan tsalle-tsalle a cikinsa da za a ce wane ya faɗi, don haka hukuncin ya fi rataya ga ganin alƙali. Alƙalan kuwa hukumar wasan ta kowace ƙasa ce ke gabatar da su, wato hukumar da ke ɗokin 'yan wasanta su koma gida da zinare. Wanda ya ƙi yi wa gida kara, da wuya a sake tura shi.

A gasar Nagano ta 1998, Jean Senft, alƙaliya daga Kanada, ta naɗi muryar takwaranta na Yukren, Yuri Balkov, yana jera matsayin 'yan wasa tun ba a kammala gasa ba. An dakatar da shi, ita ma da ta fallasa ba ta tsira daga hukunci ba.

Asiri ya ƙara tonuwa a Salt Lake City ta Amurka a 2002. A wasan zamiya na bibbiyu, alƙalai 5 cikin 9 suka ba Rasha nasara a kan Kanada. Alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce shugaban hukumar ƙasarta ya matsa mata lamba, kodayake daga baya ta janye maganar. Zargin shi ne an yi ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: Faransa ta taimaki Rasha a nan, a saka mata a rawar kan ƙanƙara. An dakatar da su biyun shekara 3, aka kuma ba 'yan Kanada nasu zinaren.

A 2004 hukumar wasan ta duniya, ISU, ta sauya tsarin maki. Yanzu wani kwamiti daban ke tantance wahalar kowane salo, alƙalai su auna kyansa, sannan a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta. An kuma ɓoye wanda ya ba da kowane maki, wai don kada hukumar ƙasarsa ta tsangwame shi. Sai dai rufin ya fi amfanar mai son kai. Binciken Eric Zitzewitz, masanin tattalin arziki a Dartmouth, ya nuna fifita ɗan ƙasa ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 bayan ɓoye sunayen. A 2016 aka dawo da bayyana su.

Da haka ne aka iya bin diddigin makin alƙalan Sin biyu a gasar Pyeongchang ta 2018, aka same su da fifita 'yan ƙasarsu, aka dakatar da su. Har yanzu dai hukumomin ƙasashe ne ke gabatar da alƙalan.